Kinovea: manhajar nazarin motsin jiki daga bidiyon waya, inda take faɗin gaskiya da inda take ruɗi

Kinovea manhaja ce ta kwamfuta da ake zuba mata bidiyon mutum yana tafiya, ko gudu, ko tsalle, ko ɗaga kaya, sai a tsayar da hoton, a bi shi firem bayan firem, wato hoto bayan hoto cikin jerin hotunan da suka haɗu suka zama bidiyon, a auna kusurwar gaɓoɓi da tsawon taku da lokacin da kowane motsi ya ci. Wani Bafaranshe mai suna Joan Charmant ne ya ƙirƙiro ta. Kyauta ce, babu rajista, babu kuɗin wata, kuma da zarar ta hau kwamfuta ba ta neman intanet, har a filashi ana iya raba ta tsakanin ɗalibai. A kan Windows kaɗai take aiki. Waɗanda za ta fi yi wa rana a nan Katsina su ne likitocin fisiyo a ɗakin gashin ƙashi na asibiti, da ɗaliban ilimin motsa jiki na kwalejojin ilimi, da masu horar da 'yan ƙwallo da 'yan tsere irin waɗanda ake gani da sassafe a filin wasa na Muhammadu Dikko.

Hukuncinmu a kanta shi ne: ga motsin da ake kallo daga gefe, kamar lanƙwasa gwiwa a tafiya ko sunkuyawar baya, tana yin aikin da ya isa asibiti da makaranta. Sai dai duk lambar da ta fitar, ingancinta an riga an yanke shi tun lokacin da aka kafa wayar. Manhajar ba ta gargaɗin kowa. Ko bidiyon ya karkace, za ta rubuta maka digiri 47 da kyakkyawan rubutu, kai kuma ka kwafa cikin fayil ɗin majinyaci.

Kafin a taɓa ta, sai an riƙe ƙa'idar da ake bayanin motsi da ita. Kowane awo yana farawa ne daga tsayuwar asali: mutum a tsaye, fuska gaba, hannuwa a gefe, tafin hannu na kallon gaba, ƙafafu a jere. A wannan tsayuwa kowace gaɓa tana kan sifili. Daga nan ake raba motsi bisa shimfiɗa uku. Shimfiɗar sajital ta raba jiki dama da hagu, a cikinta ake lanƙwasawa da miƙewa, kuma daga gefe ake ganinta. Shimfiɗar furontal ta raba gaba da baya, a cikinta ake ware hannu ko ƙafa daga tsakiyar jiki a dawo da su, daga gaba ko baya ake ganinta. Ta uku tana kwance, ta raba sama da ƙasa, ita ce ta juyawa da murɗawa, kuma sai daga bisa ake ganinta sosai. Kyamara ɗaya shimfiɗa ɗaya take gani a lokaci guda. Kusan duk kuskuren da ake yi da Kinovea daga mantawa da wannan yake tasowa.

Kafa wayar shi ne rabin aikin. A ɗora ta a kan mazauni mai ƙafa uku, ba a hannu ba, a tsayin kwatangwalo, wato wajen santimita 90 zuwa mita 1 ga babba. Idonta ya fuskanci layin tafiyar kai tsaye, kada ya kalli ƙasa ko sama, kada ya karkata gefe. A ja baya kamar mita 5 ko 6, a yi amfani da babban idon wayar, ko mai jawowa ninki biyu in akwai. Ido mai faɗi, wanda aka rubuta wa 0.5, yana lanƙwasa gefunan hoto, ƙafa miƙaƙƙiya ta fito da ɗan doro. Kuma kada a bi mutum da kyamara yana tafiya. A bar ta a kafe, ya shigo ya wuce, a auna takun da ya faɗo a tsakiyar hoton, domin a nan ne kaɗai kyamarar take daidai da gefensa. Taku biyu daga tsakiya, an fara ganinsa ta kusurwa, gwiwar da ta lanƙwashe digiri 60 sai ta nuna wani abu dabam.

Sai alamomi. Manhajar ba ta san ƙashi ba, ɗigo take gani. Ana lalubo tudun ƙashi da yatsa a manna farin filasta ko sitika mai faɗin santimita 2: a kan tudun ƙashin cinya na sama da ake ji a gefen kwatangwalo, da tudun waje na ƙarshen ƙashin cinya a gefen gwiwa, da idon sawu na waje, da diddige, da gindin ƙaramin yatsan ƙafa. In ana son gangar jiki, a ƙara ɗaya a ƙololuwar kafaɗa. A nan sutura take shigowa. Ba a auna gwiwa ta cikin wandon kaftani, balle zani. Alamar da aka manna a kan yadi tana yawo da yadin, ba da ƙashin ba. Namiji ya sa gajeren wando, mace ta sa wando mai kama jiki, a rufaffen ɗaki, mace 'yar'uwarta ta manna alamomin ta kuma ɗauki bidiyon. Ko a kan fata ma alama tana ɗan zamewa, musamman ta kwatangwalo ga mai jiki, shi ya sa ake son mutum ɗaya ya riƙa mannawa a duk zuwan majinyaci.

Haske kuwa ya fi sauƙi a waje. Da hantsi ko bayan la'asar, rana a bayan mai ɗauka, bango mara ado a bayan mai tafiya. A cikin ɗaki akwai matsalar da mutane da yawa ba sa ganewa: wutarmu tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, fitilu da yawa suna ƙyaftawa sau 100, ido ba ya gani, amma bidiyo mai sauri yana kamawa, sai hoton ya riƙa haske da duhu ko ya fito da zane-zane. Ƙarancin haske kuma yana sa wayar ta daɗe da buɗe ido a kowane firem, ƙafar da ke lilo ta zama hazo, alamar ta miƙe ta zama layi. A watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, wayar da aka bari a rana tana ɗaukar zafi ta rage aiki ko ta katse ɗaukar. A sa ta a inuwa.

Kayan auna tsawo na manhajar masu kyau ne, kuma masu sauƙi. Ana ajiye sanda mai mita 1 a cikin hoton, a ja layi a kanta, a gaya wa manhajar tsawonta, daga nan duk layin da aka ja zai fito da santimita. Sharaɗin shi ne sandar ta kwanta a kan layin da mutum zai taka. In mutum yana mita 5 daga kyamara, sanda kuma tana jikin bango a mita 5 da rabi, duk awo zai ƙaru da kashi 10 cikin 100: takun santimita 70 zai fito 77. Akwai kuma raga mai kusurwa huɗu da ake shimfiɗawa a kan abin da aka san faɗinsa da tsawonsa, tana gyara karkatar kyamara. Tana da amfani, amma abin da ke kan wannan shimfiɗar kaɗai take gyarawa.

Wurin da aka fi faɗuwa shi ne lokaci. Bidiyo mai firem 30 a daƙiƙa yana barin tazarar kusan kashi 33 cikin 1000 na daƙiƙa tsakanin hoto da hoto. Mai 60 yana barin 17, mai 120 yana barin 8, mai 240 kuma 4. Tafiyar majinyaci, 60 ya wadatar. Gudu da tsalle, ƙasa da 120 ɓata lokaci ne, domin ƙafar gwanin tsere tana taɓa ƙasa ne na kusan kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa, wato firem uku kacal a bidiyon 30. Ga misalin tsalle a tsaye. Ana ƙirga lokacin da ƙafa ta bar ƙasa zuwa lokacin da ta dawo, a ninka shi da kansa, a ninka da 9.81, a raba da 8, sai tsayin tsallen ya fito a mita. Rabin daƙiƙa a sama yana ba da kusan santimita 31. Kuskuren firem ɗaya a bidiyon 30 yana mayar da shi 35. A bidiyon 240, kuskuren kusan rabin santimita ne kawai. Kocin da ke son ganin ko atisayen wata biyu ya ƙara wa yaro tsalle da santimita 3, ba zai gani da bidiyon 30 ba. Sannan yaron ya sauka da ƙafa a miƙe kamar yadda ya tashi. In ya naɗe gwiwa kafin ya dira, lokacin ya ƙaru, tsallen ƙarya ya fito.

Akwai tarko na biyu a nan. Waya tana ɗaukar bidiyo mai tafiyar hawainiya a firem 240, amma sau da yawa takan ajiye fayil ɗin a matsayin mai 30. In ba a shiga saitin lokaci an gaya wa Kinovea ainihin saurin ɗaukar ba, agogonta zai ninka kowane lokaci sau 8, sauri kuma ya ragu sau 8. Wasu wayoyin ma tsakiyar bidiyon kaɗai suke sassautawa, farko da ƙarshe suna kan saurin da aka saba. Gwajin da ke warware wannan: a sa wata waya mai agogon gudu a cikin hoton, a duba ko daƙiƙa ɗaya a fuskarta ta yi daidai da daƙiƙa ɗaya a manhajar. Kuma kada a tura bidiyon ta WhatsApp a matsayin bidiyo, domin yana matse shi ya rage ingancinsa. A yi amfani da kebul, ko a tura shi a matsayin fayil.

Kayan kusurwa shi ne zuciyar manhajar, kuma ya yi kyau ƙwarai. Ɗigo uku ne: na tsakiya a kan gaɓar, biyu a kan alamomin sama da ƙasa. Amma lissafinta na farko kusurwar da ke tsakanin sassan biyu take nunawa, don haka miƙaƙƙiyar gwiwa 180 ce a wajenta, alhali a asibiti sifili ce. In ta nuna 120, lanƙwasar digiri 60 ce. Sababbin fitowar manhajar suna da zaɓin juya lissafin, in babu sai a cire daga 180 da hannu. A idon sawu kuwa sifilin yana inda ƙwauri da tafin ƙafa suka yi digiri 90. Ɗalibai kan haɗa lissafin manhajar da na asibiti a tebur guda, rahoto ya fito yana cewa majinyaci yana lanƙwasa gwiwa digiri 150 a tafiya. Haka kuma a bambanta kusurwar gaɓa, wadda ke tsakanin ƙashi da ƙashi, da kusurwar sashe, wadda ake aunawa daga layin tsaye ko na kwance. Sunkuyawar gangar jiki daga layin tsaye ba ita ce lanƙwasar kwatangwalo ba, domin ƙashin baya ma yana ba da nasa rabon.

Da waɗannan a hannu, nazarin tafiya yana tafiya lami lafiya. A lafiyayyen babba, ƙafa tana ƙasa kusan kashi 60 cikin 100 na zagayen taku, tana lilo a sama kashi 40. Kwatangwalo yana lanƙwashe kusan digiri 30 lokacin da diddige ya sauka. Gwiwa tana ɗan lanƙwasawa digiri 15 zuwa 20 don karɓar nauyi, ta miƙe, sannan ta kai wajen 60 a lilo. Idon sawu yana naɗowa sama kusan digiri 10 kafin diddige ya ɗaga, ya miƙe ƙasa kusan 20 lokacin da yatsu ke barin ƙasa. Babban yatsa yana wucewa a saman ƙasa da tazarar santimita ɗaya zuwa biyu kawai, shi ya sa ƙaramin rauni a tsokar gaban ƙwauri yake jawo tuntuɓe. Ga mai shanyewar ɓarin jiki, bidiyon gefe yana nuna gwiwar da ta ƙage a lilo da ƙafar da ke faɗuwa. Abin da ba zai nuna ba shi ne dabarar da jiki ya yi don kauce wa jan ƙafa: ɗaga kwatangwalo da zagayo da ƙafar ta waje. Wannan a shimfiɗar furontal yake, sai an sake ɗauka daga baya. Kinovea tana buɗe bidiyo biyu gefe da gefe ta daidaita lokacinsu, kuma wannan, a ganinmu, ya fi dukkan lambobinta amfani. Majinyaci da ɗansa da ya rako shi suna ganin na watan jiya da na yau da idonsu, su koma gida su ci gaba da atisaye. Saurin tafiya dai, layin mita 10 da agogon hannu sun fi bidiyo sauƙi, kuma ba su fi shi kuskure ba.

Gwiwa tana da wata magana da ta shafe mu musamman. Littattafan da ake koyarwa da su suna cewa tafiya na buƙatar digiri 60 zuwa 65, hawan bene da tashi daga kujera wajen 90, kuma wanda ya kai 110 zuwa 120 bayan tiyata ya samu abin da zai yi harkar yau da kullum. Lissafin masu zaman kujera ne. Dattijon da zai yi zaman tahiya a salloli biyar na kowace rana, ya zauna a tabarma, ya tsuguna a bayan gida, yana buƙatar wajen digiri 150 ko fiye. To a daidai wannan zurfin ne bidiyo yake rauni: cinya ta danne sha-raɓa, nama ya baje, fata ta ja alamar gwiwa daga kan tudun ƙashin. A nan ma'aunin kusurwa na roba, goniyomita mai santimita 30, da yatsan da ke laluben ƙashi sun fi abin dogaro. A yi amfani da bidiyon don ganin yadda yake sauka zuwa sujada, wace ƙafa yake jingina wa nauyi, a ina yake dafa ƙasa. Lambar ƙarshe a ɗauke ta da hannu. Kuma da kowanne aka auna, canjin da bai kai digiri 5 ba kada a kira shi ci gaba, yana cikin kuskuren awo.

Kinovea tana da bin alama da kanta: a nuna mata ɗigo, ta bi shi firem bayan firem, ta zana hanyarsa, ta fitar da jadawalin kusurwa da sauri, a kwashe zuwa Excel. Idan alamar fara ce a kan fata kuma hasken ya yi kyau, tana bi sosai. Matsalar da ba ta rabuwa da ita ita ce hannu. A tafiya hannu yana lilo ya rufe alamar kwatangwalo, sai manhajar ta saki alamar ta bi wuyan hannu. Dole a koma a gyara da hannu. Wasu kan ce wa majinyaci ya rungume hannu a ƙirji, amma hakan yana canza tafiyar da ake son aunawa. Jadawalin sauri kuma a karɓe shi da taka-tsantsan, domin ƙaramar rawar ɗigo tana kumbura idan aka mayar da ita sauri, ta ƙara kumbura a lissafin ƙaruwar sauri.

Ƙarfi ba ta auna shi, aikin tsoka ma haka. Abin da za a iya shi ne a ɗauki firem guda a yi lissafin tsaye. Mai ga-ruwa ya sunkuya zai ɗaga jarka mai lita 25, wato kilo 25, kusan niyuton 245 a ma'aunin ƙarfi. In layin da aka ja ya nuna jarkar tana santimita 40 daga ƙasan bayansa, ƙarfin juyawar ya kai niyuton-mita 98. Tsokokin baya suna ja ne daga tazarar kusan santimita 5, don haka sai sun yi aikin da ya kai nauyin kilo 200, ban da nauyin gangar jikinsa. Ya matso da jarkar zuwa santimita 20, rabon jarkar ya ragu da rabi. Darasi ne mai kyau a aji, amma ƙiyasi ne, ba a rubuta shi a matsayin awo.

Inda ta gaza ƙwarai shi ne juyawa. Naushin ɗan dambe yana tasowa daga murɗawar kwatangwalo da gangar jiki, hannun da aka naɗe ya zagayo ta gefe, ya ratsa shimfiɗa uku kafin ya sauka. Bugun sanda a filin folo ma haka, ga doki yana gudu. Kusurwar gwiwar hannu da aka auna a irin wannan bidiyo inuwar kusurwa ce kawai. Lokaci da jerin motsi ana iya gani, wane sashe ya fara, wane ya biyo, amma digiri a bar shi. Ko gwajin tsuguno da ƙafa ɗaya daga gaba, da ake yi wa 'yan ƙwallo don ganin ko gwiwa na faɗawa ciki, yana da wannan lahani: juyawar cinya zuwa ciki takan fito kamar gwame a hoto. Wanda ke buƙatar juyawa da gaske sai tsarin kyamarori da yawa irin na Vicon, kuma kuɗinsa ba na ɗakin gashi ba ne.

Ƙananan abubuwan ban haushi: babu Hausa a cikin harsunanta, kuma wasu saituttukan suna ɓoye a danna dama, sai an lalubo. Tsohuwar kwamfuta mai ƙwaƙwalwar giga 4 tana sarƙewa da bidiyon 4K, don haka a ɗauka a 1080. Zane da awon da aka yi ba sa shiga cikin bidiyon da kansu, ana ajiye su a wani ƙaramin fayil mai ƙarshen kva. Wanda ya kwafi bidiyon kaɗai zuwa filashi zai buɗe ya tarar da shi fayau. Akwai wasu manhajojin irinta: Tracker ma kyauta ce, tana hawa Mac da Linux, amma don ɗakin gwajin kimiyyar fiziks aka gina ta, ba ta kai Kinovea sauƙin kwatanta bidiyo biyu ba. Dartfish ta kuɗi ce.

Bidiyon majinyaci amana ce. A nemi izini kafin ɗauka, a fara hoton daga kafaɗa zuwa ƙasa in ba a buƙatar kai, a sa wa fayil lamba a madadin suna, a goge shi daga wayar da zarar ya shiga kwamfutar aiki, a kuma duba ko wayar ba ta riga ta tura kwafinsa zuwa ma'ajiyar intanet da kanta ba.